Yadda ake auna tsohon Doctor Who da sabo ba tare da an tauye wa ɗaya haƙƙi ba

Musun da masoyan Doctor Who, shirin talabijin na Birtaniya kan wani baƙo daga wata duniya da ake kira Dakta mai yawo cikin zamani da sararin samaniya, suke yi kan wanne ya fi, tsohon ko sabon, ba kasafai yake kai ko'ina ba, domin kowa da ma'aunin da ya riƙo. Wani zai ɗauko labari mafi kyau na 2007 ya jera shi da mafi rauni na 1987, ya ce ai magana ta ƙare. Abokin musunsa ya ɗauko na 1975 ya jera da wani gurgun kashi na 2020, shi ma ya ce ta ƙare. Wanda yake son ra'ayin da zai iya karewa a gaban waɗanda suka san shirin ciki da waje, sai ya fara daidaita sikelin kafin ya ɗora komai a kai. Mafi yawan abin da ake kira bambancin inganci tsakanin zamanin biyu, idan aka bi diddigi, bambancin tsawon kashi ne da yadda ake ɗaukar hoto. Sai an cire wannan gefe ake ganin ainihin inda aka rabu. A sani kuma, bayanin da ke tafe zai tona ƙarshen wasu labarai.

Iyakokin dai a fili suke. Tsohon ya fara fita a BBC ranar 23 ga Nuwamba 1963, ya tsaya ranar 6 ga Disamba 1989, bayan zango 26 da kashi kusan 700, kuma mutum bakwai ne suka fito a matsayin Dakta, daga William Hartnell zuwa Sylvester McCoy, domin a labarin Dakta yakan rikiɗa ya sake jiki idan ya zo mutuwa, sai wani ɗan wasa ya karɓa. Sabon ya fara ranar 26 ga Maris 2005 da Christopher Eccleston, a hannun Russell T Davies, ana shirya shi a Cardiff. Fim ɗin talabijin na 1996 da Paul McGann ya fito a ciki, wanda aka ɗauka a Vancouver ta Kanada da haɗin gwiwar Amurkawa, ka ajiye shi gefe. Ba ya wakiltar kowane ɓangare. Wajen ambaton zango kuwa ka riƙa faɗin shekara, domin akwai zango na ɗaya har guda uku: na 1963, na 2005, da na 2024. An sha yin doguwar gardama alhali ba zango ɗaya ake nufi ba.

Labari ake aunawa, ba kashi ba

A tsohon zamani kashi ɗaya minti 25 ne, kuma ba ya tsayawa da ƙafarsa. Labari guda yakan ci kashi huɗu ko shida, wani lokaci fiye: The War Games na 1969 kashi 10 ne, The Daleks' Master Plan kashi 12. A sabon zamani kashi ɗaya kimanin minti 45 zuwa 50 ne, kuma yawanci a nan labarin yake farawa ya ƙare. Lissafin da za ka riƙe shi ne: labari mai kashi huɗu na da, in ka cire waƙar buɗewa da ta rufewa da maimaicin da ake yi a farkon kowane kashi, ya tasam ma minti 90, wato daidai da labari mai kashi biyu na yanzu. Mai kashi shida ya kusa kai uku na yanzu.

Saboda haka wanda ya kalli kashi na farko na wani tsohon labari ya ce ba abin da ya faru, bai yi ƙarya ba, amma rubu'in labari ya gani. Haka nan wanda ya ce sabon yana warware matsala cikin gaggawa, ya tuna cewa minti 45 aka ba marubucin ya gina duniya, ya gabatar da mutanenta, ya kashe wasunsu, ya kuma fitar da Dakta lafiya. Zangon 1985 na Colin Baker ya gwada kashi mai minti 45, amma marubutan sun ci gaba da rubutu da tsohon taku, har a wasu labaran Dakta yakan daɗe bai isa inda rikicin yake ba. Wannan zangon hujja ce mai kyau cewa tsawon kashi kaɗai ba ya sauya salon rubutu.

Kada ka ɗauki kowane zamani dunƙule guda

Shekara 26 ba abu ɗaya ba ce. Shirin da Verity Lambert ta fara a 1963 rabinsa darasin tarihi ne ga yara. Na Barry Letts da Terrance Dicks daga 1970, Jon Pertwee na maƙale a Duniya yana aiki da UNIT, rundunar soja mai tunkarar baƙin halittu, da motoci da harbe-harbe. Na Philip Hinchcliffe da Robert Holmes, 1975 zuwa 1977, labaran ban tsoro ne har Mary Whitehouse, mai fafutukar tsabtace shirye-shiryen talabijin, ta yi ta kai ƙorafi. Graham Williams ya gaje su da umarnin a rage tashin hankali, sai barkwanci ya ƙaru, musamman a 1979 da Douglas Adams ke tace labari. John Nathan-Turner ya riƙe daga 1980 har ƙarshe, kuma ko a nasa, shekaru ukun ƙarshe da Andrew Cartmel ke tace labari wani shiri ne daban.

Sabon ma haka: Davies daga 2005 zuwa 2010, Steven Moffat zuwa 2017, Chris Chibnall zuwa 2022, sannan Davies ya dawo a 2023 da kuɗin Disney a ciki. Bambancin salon da ke tsakanin Hartnell da Tom Baker, Dakta na huɗu, ya fi wanda ke tsakanin McCoy da Eccleston. Don haka idan wani ya ce tsohon ya fi ban tsoro, tambaye shi wanne. Kusan kullum shekarun Hinchcliffe yake nufi. Idan ya ce sabon ya cika sarƙaƙiya, Moffat yake nufi. Ka riƙa yanke hukunci kan furodusa da furodusa, zai fi tsayuwa.

Zaɓen labaran da za a jera

Nan ne aikin yake. Ƙa'idar ita ce a samo labarai biyu da suka tunkari matsala ɗaya, don bambancin da za a gani ya zama na hannun masu shiri, ba na jigo ba.

Fara da Spearhead from Space na 1970 da Rose na 2005. Dukansu farkon sabon babi ne, dukansu sabon Dakta da sabuwar abokiyar tafiya, kuma dodo ɗaya ne: Autons, gumakan roba na tagar kanti da suke tashi su kashe mutane. A na 1970 Dakta ya shafe mafi yawan kashi na farko a gadon asibiti, ana gina abin a hankali ta hanyar sojoji da masana'antar roba, gumakan ba su fito titi ba sai a kashi na huɗu. Da suka fito ma ba a nuna fashewar gilashin ba, ƙara kawai ake ji, don kuɗi bai kai ba. A na 2005 cikin mintunan farko gumakan sun kewaye Rose, sabuwar abokiyar tafiyar, a ƙasan kanti, Dakta ya kama hannunta sun ruga, kuma gilashi ya tarwatse a gaban kyamara. Abin da za ka lura da shi ba gilashin ba ne. Ka duba ta idon wa ake ba da labarin. Liz Shaw, abokiyar tafiya a na 1970, masaniyar kimiyya ce daga Cambridge, ba a taɓa kai mu gidanta ba. Rose kuwa an nuna mana agogon da ke tashinta, da mahaifiyarta Jackie, da saurayinta Mickey, kafin a nuna mana Dakta. Wannan shi ne babban sauyin 2005, kuma zaɓi ne, ba kuɗi ba. Ƙarin fa'idar wannan jeri: Spearhead gaba ɗayansa a fim mai milimita 16 aka ɗauka saboda yajin aiki a sutudiyo, don haka hotonsa ba ya ɗauke wa sabon mai kallo hankali.

Sai Genesis of the Daleks na 1975, kashi shida, da Dalek na 2005, kashi ɗaya. A na farko Tom Baker yana riƙe da wayoyin lantarki biyu da in ya haɗa su zai hallaka Daleks, manyan abokan gabansa masu sulken ƙarfe, tun suna ƙwai, sai ya tsaya yana tambayar kansa ko yana da ikon yin haka. A na biyu Dalek ɗaya tilo ne a ɗaure a wani ɗakin ƙasa a Utah, kuma Dakta ne da kansa ya ɗauko bindiga zai kashe shi, Rose ta tare. Tambaya ɗaya ce aka juya ta. Na 1975 yana da gudu a lunguna da kamawa da kuɓucewa da za a iya yankewa ba a yi asara ba, amma ya samu filin da zai zaunar da Davros, wanda ya ƙirƙiri Daleks, da Dakta su yi muhawara mai tsawo. Na 2005 ba shi da kitse ko kaɗan, sai dai mugun attajirin da ke cikinsa bai samu lokacin zama mutum ba. Rubuta wanne rashi ya fi damun ka. Amsar za ta gaya maka ɓangaren da zuciyarka ta karkata.

The Aztecs na 1964 da The Fires of Pompeii na 2008 suna kan tambayar ko za a iya sauya tarihi. A na farko Barbara, malamar tarihi mai tafiya da Dakta, ta yi ƙoƙarin hana yanka mutane don bauta, ta kasa. A na biyu abokiyar tafiyarsa Donna ta roƙi Dakta ya ceci ko da iyali ɗaya ne daga aman dutse, ya ceta. Na 1964 ba dodo ko ɗaya a ciki, mutane ne kawai da imaninsu. Irin wannan labarin tarihi zalla ya ɓace bayan The Highlanders a farkon 1967, in ban da Black Orchid na 1982. Na 2008 sai da aka sa halittun wuta a ƙarƙashin dutsen. Masu cewa sabon ba ya yarda tarihi ya ɗauki labari shi kaɗai suna da hujja a nan.

Ga mai cewa sabon kuɗi ne kawai ke riƙe da shi, a ba shi Horror of Fang Rock na 1977 da Midnight na 2008. Na farko a hasumiyar haska jiragen ruwa, na biyu a cikin motar 'yan yawon buɗe ido da ta tsaya a hanya. Wuri ɗaya, mutane kaɗan, tsoro daga baki da fuska. A Midnight ba a ma nuna dodon ba.

Na ƙarshe, ban kwana: The Caves of Androzani na 1984 da The End of Time na ƙarshen 2009 zuwa farkon 2010. Peter Davison ya ba abokiyar tafiyarsa Peri maganin da ya rage ya faɗi a cikin TARDIS, jirginsa na tafiya cikin zamani, cikin 'yan mintuna ya rikiɗa. David Tennant shi ma don mutum ɗaya ya mutu, dattijo Wilfred, amma sai da ya zaga ya yi sallama da abokan tafiyarsa ɗaya bayan ɗaya. A nan masoya suka fi rabuwa, kuma babu lissafin da zai raba gardamar: wani a wurinsa na 1984 ya bushe, wani a wurinsa na 2010 ya cika jan rai. A ganina na 1984 ya fi ƙarfi, domin kashi huɗun duka gudu ne zuwa ga wannan faɗuwar. Graeme Harper, wanda ya ba da umarnin Androzani, ya dawo ya yi aiki a sabon zamani daga 2006, don haka aikinsa wata hanya ce ta ganin darakta ɗaya da kayan aiki iri biyu.

Jeri biyar ɗin nan za su ci kimanin awa 14. Kada ka sa Blink na 2007 ko City of Death na 1979 a sikeli don wakilci. Suna da kyau ƙwarai, amma ba su yi kama da sauran zamaninsu ba. A Blink ma da ƙyar ake ganin Dakta.

Yadda za a kalli tsohon

Kuskuren da ya fi lalata gwajin shi ne kallon kashi shida a zama ɗaya. An rubuta su ne don a gani mako-mako, ga iyalin da ba su da hanyar maimaitawa. Shi ya sa ake sake bayanin abin da ya wuce, ake kama Dakta a kashi na uku a sake kama shi a na biyar, ake tsinke kowane kashi a kan gaɓa da bindiga a goshin wani. A zama ɗaya wannan duk maimaici ne mai gundura. Kalli kashi ɗaya a rana, ko biyu in ka matsu, kuma kada ka tsallake waƙar rufewa, domin ƙarar da take shigowa da ita a daidai gaɓar tsinkewa wani ɓangare ne na tsoron. Ka guji kwafin da aka haɗe kashi-kashi ya zama fim ɗaya, irin wanda aka riƙa nunawa a wasu tashoshin Amurka da kaset ɗin bidiyo na farko-farko. An yanke gaɓoɓin, labarin ya rasa numfashinsa.

Gyara talabijin ɗinka. Tsohon hoto mai faɗin 4:3 ne, dole a bar baƙin fili a dama da hagu. In aka miƙe shi ya cika allo, fuskoki su faɗaɗa. Kashe saitin da ke ƙara santsin motsi da wanda ke ƙara kaifin hoto, don suna fito da zaren da ke riƙe da jirgin sama na roba da haɗin bangon katako, abubuwan da ƙaramar talabijin ta wancan lokaci take ɓoyewa. Za ka ga hoto yana sauya kama duk sanda aka fita daga ɗaki zuwa waje: ciki bidiyo ne na sutudiyo, waje fim ne mai milimita 16. Ba lalacewar kwafi ba ce, haka BBC take aiki a lokacin.

Wasu faya-fayan DVD da Blu-ray suna ba da zaɓin sababbin dabarun hoto na kwamfuta a madadin na asali. Don nishaɗi ba laifi, amma don kwatantawa ka zaɓi na asali. Haka The Daleks da aka sa wa kala aka taƙaita zuwa minti 75 a 2023: kashi bakwai ne aka matse, da sabon kiɗa, wato an ba shi takun zamanin yanzu. Ba za ka auna 1963 da shi ba.

Sannan akwai giɓi. BBC ta goge kaset-kaset ta zubar da kwafi a shekarun 1960 da 1970, lokacin da ba a ganin amfanin ajiye su. Daga kashi 253 na shekaru shida na farko, sama da 90 babu hotonsu. Patrick Troughton, Dakta na biyu, ya fi kowa asara: 53 daga cikin 119 nasa. A 2013 an gano kashi tara a wata tashar talabijin a Jos, na The Enemy of the World da The Web of Fear, abin da ya rage adadin daga 106 zuwa 97 a lokacin, ya kuma sa mutane da yawa suka sake ra'ayi kan The Enemy of the World da a da ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. Darasin aiki a nan shi ne kada ka yanke wa labarin da ba ka ga motsinsa ba hukunci mai tsauri. Sautin duk waɗanda suka ɓace yana nan, domin masu kallo sun naɗa daga talabijin a gidajensu, kuma an zana wasu da katun a kan sautin, kamar The Power of the Daleks a 2016. Katun zai ba ka labarin, amma ba zai ba ka fuskar Troughton ba, alhali rabin wasansa a fuska yake.

Raba abin da aka kasa da abin da aka zaɓa

Yayin kallo ka ja layi a takarda, gefe ɗaya abin da kayan aiki suka tilasta, ɗaya gefen abin da marubuci ko darakta ya zaɓa. Gefen farko ba a cin kowa tara a kansa.

A shekarun 1960 ana ɗaukar kashi ɗaya a mako, sama da 40 a shekara, da kyamarori da yawa a lokaci guda, kusan kamar wasan dandamali. Tace hoto yana nufin a yanka kaset mai faɗin inci biyu da reza, kaset ɗin kuma da tsada, don haka sau kaɗan ake yarda a tsaya. In Hartnell ya yi tuntuɓen harshe sai a wuce, shi ya sa kurakuransa suke nan har yau. A shekarun 1970 da 1980 ƙarfe goma na dare ake kashe fitilun sutudiyo, ko an gama ko ba a gama ba, kuma fitowar ƙarshe, wadda sau da yawa ita ce mafi muhimmanci, ita ake yi a gurguje. Fitila kuma dole ta wadaci kyamara huɗu ko biyar a tare, shi ya sa wurin da ya kamata ya yi duhu yake yin fayau. Warriors of the Deep na 1984 misali ne: dodon da duhu zai rufa wa asiri an fito da shi cikin farin haske. Sabon zamani da salon fim ake ɗaukarsa, fitowa-fitowa, a haska kowace yadda ake so, a tace a kwamfuta.

Amma kada uzurin ya yi yawa. A The Ark in Space na 1975 hannun mutumin da ke rikiɗa ledar naɗe kaya ce mai ƙuraje aka shafa wa koren fenti, duk da haka fitowar tana tayar da tsigar jiki saboda ɗan wasan ya yarda da abin da yake yi. Ashe rashin kuɗi bai hana ba. Inda labari ya mutu saboda an ja shi kashi shida alhali na huɗu ne, wannan laifin rubutu ne, a rubuta shi a gefe na biyu. Haka kuma sa Bature ya fito a matsayin ɗan Sin da kwalliyar fuska a The Talons of Weng-Chiang na 1977 zaɓi ne, ba tilas ba, kuma kyawun sauran labarin ba ya wanke shi. Sabon ma dabarun kwamfutarsa na 2005 da 2006 sun tsufa. Ba a koma hoto mai kaifi na HD ba sai 2009. Uzurin da ka ba wancan ka ba wannan.

A gefen zaɓi, abubuwa huɗu ne suka fi fitowa. Na farko abokan tafiya. A da sukan shigo ba dangi ba gida, su fita ba shiri: Dodo ta ɓace a tsakiyar labari a 1966 aka aiko da saƙon sallamarta, Leela ta tsaya auren wani mai gadi a 1978 ba tare da an ga soyayyar ta tsiro ba. Yanzu fitar abokin tafiya ita ce ƙololuwar zango. Sai dai Ace, 1987 zuwa 1989, ta karya wannan rabon: yarinya daga unguwar Perivale ta Landan, mai rikici da mahaifiyarta, kuma labarin ƙarshe na tsohon zamani, Survival, a unguwarsu aka yi shi. Duk wanda ya kalli Survival ya bi shi da Rose zai ga tazarar ba ta kai yadda ake faɗa ba. Marubuciyar Survival, Rona Munro, ta dawo ta rubuta wani kashi a 2017.

Na biyu, shi kansa Dakta: a da baƙo ne mai wucewa da ba a san shi ba a inda ya sauka, daga 2005 kuwa shi ne wanda ya tsira daga babban yaƙin da ya ci mutanensa, sunansa kaɗai yana korar runduna, kuma ana soyayya da shi. Na uku, sukudirebansa mai aiki da sauti, wanda ya fara fitowa a 1968, Nathan-Turner ya sa aka lalata shi a 1982 don yana sauƙaƙa wa marubuta. A 2005 an dawo da shi, aka ƙara da takardar da ke nuna wa mutum duk shaidar da yake son gani. Masu suka suna kiran wannan lalaci. Amma ka ƙirga mintunan da tsohon labari yake kashewa a kulle Dakta a ɗaki ana tuhumarsa. Waɗannan kayan biyu an yi su ne don share wannan, saboda minti 45 ba za ta ɗauka ba. Tambayar da ta dace ita ce ko ƙofa suka buɗe ko kuwa labarin gaba ɗaya suka warware. Na farko dabara ce, na biyu aibi.

Na huɗu kiɗa. Waƙar buɗewa da Ron Grainer ya rubuta, Delia Derbyshire ta haɗa ta a 1963 da yankan kaset da na'urorin sauti, ba makaɗi ko ɗaya. Dudley Simpson a shekarun 1970 da 'yan makaɗa kaɗan yake aiki, kuma ana barin shiru mai tsawo. Murray Gold daga 2005 ya cika kusan kowace fitowa da kiɗa, daga baya ma da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, har wasu suna kukan ba sa jin magana. Segun Akinola, 2018 zuwa 2022, ya sassauta. Gwaji mai sauƙi: ɗauki fitowa ɗaya mai sosa rai daga kowane zamani, ka rage sauti ka karanta rubutun ƙasa, ka ga wacce ta tsaya ba tare da kiɗa ya riƙe ta ba.

Alƙaluma da tarihin cikin labari

Yawan masu kallo ba ya raba wannan gardama. Kashi na huɗu na City of Death ya samu mutum miliyan 16.1 a 1979, mafi yawa a tarihin shirin, amma a lokacin tashar ITV tana yajin aiki, kuma tasha uku ce kacal a Birtaniya kafin Channel 4 ta zo a 1982. Kashin farko na Battlefield a 1989 ya samu miliyan 3.1, amma an ajiye shi ne a lokaci guda da Coronation Street, wasan kwaikwayon ITV mai ɗimbin masu kallo. Rose ya samu miliyan 10.8 a 2005, kafin kallo ta intanet ya raba kan jama'a. In dole sai ka kawo alƙaluma, kawo matsayin kashin a jerin shirye-shiryen makon da ya fita, kuma ka tabbatar ba ka haɗa ƙidayar daren farko da ta mako guda ba.

Zargin cewa sabon ya rusa tarihin da aka kafa, wanda ya yi zafi bayan The Timeless Children na 2020, shi ma a auna shi da ma'auni ɗaya. Ba a san Dakta yana rikiɗa ba sai 1966, da rashin lafiyar Hartnell ta tilasta a nemo mafita. Ba a ji sunan Time Lords, wato mutanen Dakta, ba sai 1969, ba a ji Gallifrey, duniyarsu, ba sai 1973, iyakar rikiɗa sau 12 kuma a The Deadly Assassin na 1976 aka ƙirƙiro ta, labarin da wasu masoyan wancan lokaci suka yi wa ca saboda ya mai da Time Lords tsofaffin 'yan siyasa masu maƙarƙashiya. Genesis of the Daleks ma sake rubuta asalin Daleks ya yi, saɓanin abin da aka faɗa a 1963. Kana da damar ƙin sauyin 2020, amma hujjarka ta zama abin da ya yi wa halin Dakta, misali cewa ya mai da ɗan tawayen da ya saci jirgi ya gudu wani zaɓaɓɓe tun asali. Hujjar cewa an saɓa wa abin da ya gabata za ta ci Robert Holmes kafin ta ci Chibnall.

Kafin ka bayyana hukuncinka, rubuta Daktan da ka fara gani da shekarunka a lokacin, ka nemi abokin musunka ya yi haka. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma sau da yawa wannan layi ɗaya ya fi duk sauran takardar bayyana inda kowa ya tsaya. In ka ga sakamakon jeri biyar ɗin duk ya faɗa wa zamanin da ka taso da shi, ƙara jeri na shida daga wurin da ba ka so: mai son tsohon ya kalli Heaven Sent na 2015, inda Peter Capaldi ya riƙe kusan kashin gaba ɗaya shi kaɗai, mai son sabon kuma ya kalli Inferno na 1970, kashi bakwai, ɗaya a rana.